Shanun Tumfafiya

A wani ƙauye na Kurfey, tsohuwa Tanne ba ta da komai sai gonar da mijinta ya bar mata, da wata ƙatuwar tumfafiya a bakin gonar, inda take zuba wa iskokin gidansu fura. Wasu jajayen ƙwari masu ɗigon baƙi sun mamaye 'ya'yan tumfafiyar, suna tsotse irin tun kafin kwanson ya fashe. Tanne tana ce musu shanun iska, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa su.

Sahabi, ɗan ƙanen mijinta, ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan gonar nan. Ran kasuwar Filinge ya sayo maganin ƙwari, ya feshe tumfafiyar a gabanta yana dariya.

"Inna, ga shanun iskokinki sun kwanta. Iskokin su tashe su mu gani!"

"Ɗana, wanga aiki bai yi ba," in ji Tanne. "Su ka cin iri. In babu su, wa ka tsaron gonakin mutane?"

Sahabi ya ce tsufa ke damunta, ya yi gaba.

Da rani kwansuna suka fashe, farar audugar ta tashi da iri lafiyayye, ta bi gona gona. Damina na sauka, tumfafiya ta tsiro a tsakiyar geron kowa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani: Sahabi ne ya fara kai ƙara wurin mai gari, wai tsohuwa ta turo wa gari iskokinta. Tanne ta faɗi gaskiya har muryarta ta dushe, ba wanda ya saurara. Aka yanke cewa ita kaɗai za ta tuge su duka, da hannunta.

Haka ta yini a duƙe cikin gonakin mutane. Farin ruwan tumfafiya ya fantsamar mata a ido, ta sa hannu ta goge, ga hannun shi ma jage-jage da shi. Ta yi ta kiran a ba ta ruwa, masu gona suna tsaye, kowa na tsoron taɓa ta. Abin tausayi, kafin gero ya fid da kai idanunta sun tafi.

"Makauniya ba ta noma," in ji Sahabi, ya karɓi gonar.

Ya sare tumfafiyar, ya zaɓi reshe miƙaƙƙe, ya feƙe shi, ya damƙa mata a hannu ta riƙa dogarawa. Jama'a suka yi ta sa masa albarka, wai yaron kirki bai manta da innarsa ba.