Lallen Tabawa Ya Fito Ja

Da Tabawa ta fara dasa lalle a bayan garin Talata Mafara, gonaki ne ko'ina, mata na yini tare suna tsinkar ganye suna gulma. Yanzu duk sun sayar. Nagode, wadda suke iyaka da ita, ta koma Bakura wajen ɗanta. Gari ya biyo Tabawa har bakin rijiya, katanga dama, katanga hagu, ita kaɗai a tsakiya.

Wata safiya da rani ta tarar an kakkafa turaku masu jan fenti cikin lambunta. Ko mayafi ba ta yafa daidai ba ta nufi ofishin masu yanka filaye.

Wani ma'aikaci, Mas'udu, ya juyo mata da kwamfuta. Ya ce akwai tauraron ɗan'adam da ke wucewa ta sama yana ɗaukar hoton gari, don a san inda ke da sauran tsirrai. Inda ya fito kore an hana taɓawa, gari ya samu wurin shan iska. Inda ya fito ja, ƙasa ta mutu, sai a yanka a gina.

"Ga naki nan, Inna. Ja ne."

"Ja? Yaushe abin naku ya leƙo?"

Ya duba, ya ce bayan kaka ne.

"To wa ke barin lalle tsaye bayan kaka? Yanke shi ake ƙasa-ƙasa ya sake tohowa. Kai in an yi ma aski, mutuwa ka yi?"

"Na sani, Inna, mu ma a garinmu Faru muna shuka shi. Amma 'yan kwamiti hoto suka sani. Za su duba sabo kafin damina."

"Wace rana, in yi mai kwalliya?"

"Ai ba ya sallama, Inna."

Lokacin yanka na biyu ya zo, Tabawa ta rataye laujenta. Da rana da inuwa tana jan guga tana ban ruwa, bayanta na ciwo, ba mai kama mata igiya. Mata suka zo daga Maradun neman lallen biki, ta ce babu, alhali ga shi nan ya kai mata ƙirji. Ganyen ƙasa ya tsufa yana zuba, tana kallo. In ta gaji sai ta ɗaga kai sama ta ce wa tauraron, "Ka gani ko, makaho?" Shirwa kawai ke shawagi.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas ranar da Mas'udu ya zo a babur ya tuttuge turakun.

"Ya fito kore, Inna. Ɗan ɗigo, a tsakiyar kwanukan rufin gidaje."

"Shi ke nan na huta?"

"Bana dai. Kowace shekara ake dubawa."

Ya ɗaure turakun a bayan babur ya tafi. Tabawa ta waiga wajen gonar Nagode don ta faɗa mata. Katanga ce.

 Can ta sauko da lauje, ta wasa shi a bakin rijiya. Ta yanke layi ɗaya, ta tsallake ɗaya ta bar wa abin sama, ta kama na gaba.