Wanda Mai Hoto Ya Kira

Duk shekara, ranar macin tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi, mai hoto yakan rataya farin ƙyalle a jikin katangar dandali, ya ajiye kujera ɗaya a gabansa. Da safe yana cikin taro yana ɗauka: 'yan makaranta da tutocinsu, manya masu ajiye furanni, tsofaffin sojoji a layi kowa ya ciko ƙirji da lambobi. Idan aka gama jawabai aka watse neman inuwa, sai ya zagaya cikin tsofaffin, ya taɓa kafaɗar mutum uku ko huɗu, ya kai su kujera ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin sun daɗe da lura cewa wanda ya zauna a kujerar nan ba ya ganin macin baɗi. Tashar ƙarshe suke ce mata.

Malama, matar Saje, ba ta taɓa yarda kyamara tana kisa ba. Lissafi ta koyar har ta yi ritaya, ta kuma san idan ka tsamo mutum huɗu cikin 'yan shekara tamanin, ba sai da maita za a rasa wani ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ba wani ake rasawa ba, dukansu ne. Wannan ya wuce a ce dacewa ce kawai. Akwai dai mai tsegunta wa mai hoto wanda ciwo ya kama, kuma Malama ta san ƙanwar matarsa ce ke zaune a teburin kati a asibitin sojoji.

Bana tana tsaye bayan igiya cikin sauran iyalai, ta ga mai hoto ya wuce mutum biyu, ya wuce Kofur, abokin mijinta tun suna kurata, ya ɗora hannu a kafaɗar Saje.

"To, Saje, a sauka lafiya," in ji Kofur. "Idan ka isa ka kama mini wuri kusa da taga."

"Hassada ce ke cinka," in ji Saje. "Tsoro yake kada fuskarka ta fasa masa gilashi."

Aka yi dariya, irin wadda ba ta wuce maƙogwaro. Malama ba ta yi ba, mijinta take kallo. Mutumin da ko hoton katin fansho sai an yi rigima da shi, ga shi ya bi mai hoto salin-alin. Ya zauna, ya gyara hula, ya juya gefen hagu tun ba a ce ya juya ba.

Ta jira har aka gama da shi ya nufi benci, sannan ta zagaya bayan ƙyallen. Mai hoto yana zaune kan akwatin kayansa yana duba abin da ya ɗauka.

"Sannu da aiki, ɗan nan."

"Sannu, Mama. Hoto ne? Na iyali sai an jima kaɗan."

"Tambaya ce. Me ya sa ka ɗauki mijina ka bar Kofur? Ya fi shi lambobi, ya fi shi furfura."

"Haske ne, Mama. Fuskar Baba tana karɓar haske."

"Tun ina budurwa nake kallon fuskar nan, ban taɓa ganin ta karɓi komai ba sai gardama. Na bara fa? Mai begila, da Dogo, da direban nan mai ido ɗaya, duk haske suka karɓa?"

"Ai kwana idan ya ƙare…"

"Kada ka kawo mini wannan. Kwana yana ƙarewa, amma ba ya aiko wa mai hoto sanarwa. Ƙanwar matarka ba a teburin kati take ba, a asibitin sojoji?"

Ya miƙe tsaye, kyamarar tana lilo a wuyansa. "Wallahi babu ruwanta. Ko sunan mutum ɗaya ba ta taɓa faɗa mini ba."

"Ga shugaban ƙungiyar tsofaffin sojoji can ƙarƙashin rumfa. Zan je in gaya masa ana fitar da asirin marasa lafiya, don wani ya riga kowa ɗaukar hoton da za a nema ranar makoki. Ita ta rasa aikinta, kai ka rasa katangar nan. Ko kuwa ka gaya mini yanzu, mu rabu lafiya."

Ba ta da shaida ko ta ƙwayar zarra, ta kuwa san haka. Amma wadda ta yi zama da ɗalibai ta san mai gaskiya ma yana tsorata, idan aka ambaci wani nasa.

Mai hoto ya leƙa ta gefen ƙyallen, ya dawo da kansa. "Mama, alkawari na ɗauka."

"Wa ka ɗaukar wa?"

Ya gane bakinsa ya riga shi. Can ya koma ya zauna a kan akwatin.

"Ban taɓa kiran wanda bai fara kirana ba," ya ce. "Su suke zuwa shagona, mutum shi kaɗai. Ya ce ranar maci in taɓa kafaɗarsa kamar ni na ga dama. Wanda ya fara, ba ya son matarsa ta tambaye shi dalilin da zai yi hoto ba tare da kowa ba. Yana son a tuna shi a cikin kaki, tun jiki bai zube ba."

"Su sauran daga ina suke ji?"

"A bencin asibiti. Wanda ya ji sakamakonsa sai na kusa da shi ya raɗa masa. Masu lafiya ba su sani ba, su ne ke ce wa kyamarata mayya. Na haƙura da sunan."

"Yaushe nawa ya zo?"

"Watan jiya."

"Me ya ce yana damunsa?"

"Ba na tambaya, Mama. Ya dai ce in ɗauke shi yadda ba za a ga wuyan rigar ya yi masa yawa ba."

Malama ta tsaya tana kallon bayan ƙyallen, inda ɗinkin ya fara warwarewa. Ta fito kamun ɓarawo, ashe a gidanta yake kwana, ita ce ma ke wanke masa kaya.

"Ka yafe mini zancen ƙanwar matarka," ta ce.

"Ba komai. Sai dai Baba zai ce na ci amana."

"Ka bar ni da Baba."

Ta same shi a bencin da ke ƙarƙashin bishiya, ya sassauta igiyar takalmi. 'Yan badujala suna ta haɗa kayansu a mota.

"Ina kika shiga?" ya ce.

"Na je ganin hotonka."

"Yaron nan akwai naci. Don dai kada in kunyata shi a gaban jama'a ne."

"Naci ya yi maka."

"Ai kin gani da idonki."

"Na gani." Ta zauna kusa da shi, ta ɗora jaka a cinya. "Wane likita ne?"

Saje ya daɗe yana kallon masu ɗora ganguna a mota, kamar an ba shi aikin ƙirga su.

"Ashe bakinsa ba shi da ƙofa."

"Yana da ita, ni na ɓalle. Ka bar zancensa, da ni kake magana."

Ya cire hula, ya shafa kai. "Hanta ce. Sun ce akwai ƙari."

"Kuma mai hoto ya cancanci ya sani, ni ban cancanta ba."

"Na san halinki, Malama. Za ki je ki zaunar da likita ki yi masa jarrabawa."

"Zan yi kuwa. Yaushe za ka koma?"

"Ran Talata. Ya ce wannan karon in zo da wani nawa."

"Wa ka yi niyyar kaiwa?"

Ya yi ɗan tari. "Kofur."

"Kofur da kunnensa ɗaya ya tafi hutu? Likita ya gama bayani, shi ya ce madalla?"

Dariya ta kama Saje, ya dafe gefen cikinsa na dama har ta lafa. Malama ta sha ganin dafewar nan a gida, tana ɗauka tsufa ne. Ta bar shi ya gama numfashi.

"Ƙarfe nawa?"

"Da safe, kafin layi ya yi tsawo."

"Tare za mu je. Yara fa?"

"A bar su tukuna. Babbar tana da tsohon ciki, ƙaramin kuma…"

"Babbar ni zan san yadda zan yi da ita. Ƙaramin kai za ka kira shi yau, ka gaya masa da bakinka."

"In ce masa me?"

"Abin da ka ce mini. Kalma nawa ce?"

Saje ya sunkuya zai ɗaure takalmi, hannunsa ya tsaya a gwiwa. Ya ɗago ya dube ta.

"Ki zauna kusa idan zan kira shi," ya ce.

"Ina za ni?" in ji Malama. Ta durƙusa ta ja igiyar takalmin.