Ƙwaya ta Biyu

Kwamfutar shagona da ke Gazawa ta mutu ana gobe Babbar Sallah, ranar da rabin gari ke zuwa in ɗauke su hoto in wanke musu. Kuran, wato wutar lantarki, ya yanke, ya dawo da ƙarfi, fuskarta ta yi baƙi ƙirin. Da ita nake ciyar da 'ya'yana tun rasuwar maigidana, amma ko gezau ban yi ba.

Shi ya zaɓo ta a Maradi, Allah ya jiƙansa. Ya buɗe cikinta ya nuna mini wasu ƙwayoyi biyu, ba su fi wake ba, manne a kan babban allon da masu gyara ke kira katmer. Ya ce a cikinsu aka rubuta abin da ke tayar da injin. Ɗaya na aiki, ɗaya na barci. Ranar da wutar nan tamu marar mutunci ta lalata ta farko, ta biyu za ta farka ta gyara ta. Ajiya ce, in ji shi, kamar irin da manomi ke ɓoyewa don shuka. Abin ya taɓa faruwa yana da rai, na gani da idona.

Don haka na kashe, na kunna, na zauna jira. Mata sun cika benci da sabon lalle. Shiru. Na sake, shiru. Da suka soma zamewa ɗaya bayan ɗaya, na kwance murfin na leƙa. Inda ƙwaya ta biyu take babu komai sai tabon dalma.

Mutum ɗaya ya taɓa buɗe ta bayan marigayi: ƙanensa Barmo, mai gyaran waya, wanda ya karɓe ta watan jiya wai zai hure mata datti. Na same shi a gida yana wasa wuƙar yankan rago. Ko kunya bai ji ba. Wai kwamfutar surukinsa ce ta ƙi tashi, iri ɗaya da tawa, shi ne ya cire tawa ƙwayar ya liƙa masa, an kuma wuce da injin Agadas. Duk don a ce masa gwani a gidan surukai.

"Haba matar Yaya," ya ce, "zaune take hwa, ba ta komi. Bayan Salla mu gani."

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Ba kasuwar Sallah kaɗai ya cinye mini ba. Mutum ya yi mini tanadi kafin ya shiga kabari, wani ya ɗauka ya yi gwaninta da shi.

Hadari na haɗuwa a gabas, kowa na jiran ruwan shuka. Na san inda Barmo ke ajiye irin geronsa, wata tukunya ce a bayan rumbu da aka liƙe bakinta da laka. Na fasa bakin, na juye a turmin matarsa, na yayyafa ruwa kamar mai shirin surfe. Ya jefar da wuƙar ya taso.

"Mi kike yi? Iri ne hwa! Shi ke nan gare ni!"

"Na sani," na ce. "Zaune yake, ba ya komi."

Na ɗaga taɓarya na sauke.