Ranar da Guguwa Ya Cire Takalmi

Ni fa da na tashi ƙirƙirar Guguwa, ban yi masa rowa ba. Tsawo na ba shi, ƙirji na ba shi, hanci har baka. Yana jin yare goma sha biyu. Tirela yake ɗagawa da hannun hagu, don na dama yana riƙe da carbi. Daga Ƙofar Marusa zuwa Kambarawa ƙiftawar ido ce, ta sama yake bi, hularsa ko karkacewa ba ta yi. Ni kuwa Idi mai gyaran waya, ko ƙaramin janareta sai an kama mini. Duk Juma'a nake sakin babi ɗaya a zaurenmu na WhatsApp.

Amma wallahi ba don 'yan zauren nake yi ba. Tun da Baba ya rasu, Inna ta fita takaba, dariyarta ba ta fito ba. Wata bakwai! Abu ɗaya take yarda ta zauna ta saurara, ƙanwata Zulaihat ta karanta mata labarin Guguwa bayan la'asar. Ni kuma in maƙale a bakin ƙofa ina jiran ko murmushi ne.

Ana cikin babi na tara, daidai inda Guguwa ya cafe jirgin sama kamar ƙwallo, Inna ta ɗaga hannu.

"Dakata. Wanga yaro ɗan gidan wa ne?"

"Inna, jarumi ne fa," in ji Zulaihat.

"Jarumin mi? Ya bi ta bisa kan dattawa da takalmi a ƙafarshi, ko sannu babu? Ba shi da uwa? Rufe mini, ban sauraren marar kunya."

Ta tashi ta shige ɗaki.

Kai! Yare goma sha biyu, amma a kan "ina wuni" za a kore shi? Da farko haushi na ji, daga baya tsoro ya kama ni, don idan ta daina zaman nan ban san me ya rage mini ba. Na zauna a shago na rubuta babi na goma ina huci.

Wani ƙaton ɓarawo ya saɓi tankin ruwan unguwa ya ruga. Guguwa ya tashi sama, saura ƙiris ya damƙe shi, sai ya hango dattawan unguwa, su Malam Babaji, zaune a kan dakali. Ya sauko. Ya cire takalmi. Ya durƙusa. Ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya zafin nan, ya ƙafar Hajiya, an samu sauƙi dai? Shafi uku cur! Da ya yunƙura zai miƙe sai wani tsoho ya ɓullo, a koma farko. Ɓarawon har tsayawa ya yi ya sha fura, ya waiwayo, ya ga ba mai bin sa, ya yi gaba abinsa. Karon farko ke nan da Guguwa ya sha kaye.

Da kyar Zulaihat ta lallaɓo Inna ta fito. 'Yar banzar ta dinga karantawa tana kwaikwayon muryar kowane tsoho, har da tari. A tsoho na huɗu na ga kafaɗar Inna tana rawa. A na biyar ta fashe! Dariya har ɗankwali ya zame, har da bugun tabarma, kaji suka watse. Ni ma ban san lokacin da na faɗo tsakar gida ina ihu ba.

"Babanku ke nan!" in ji ta, tana share hawaye. "Ranar da zan haife ka, Idi, aka aike shi kiran ungozoma. Ya tsaya gaisuwa a hanya. Ko da ya iso da ita, har an yanke cibiya an yi maka wanka."

Ta kalli ƙusar da Baba yake rataye hularsa. Sannan ta gyara zama, ta taɓa gwiwar Zulaihat.

"Koma mini wurin da ya cire takalmin."