Dangwalin Ramatu

Ramatu ta durƙusa tana kankare wa ɗan maraƙi wuya da farce, farin ɓawo yana zuba kamar dusa. Tabon a zagaye yake, faɗin sule, gashin wurin ya zube. Maraƙi na biyar ke nan tun da suka sauko fadamar Haɗeja da shanu, har matan gari sun fara tsallake ƙwaryar nononta.

Abin da ya ɗaure mata kai, duk a wuya ciwon yake farawa. Ta ƙulle ɓawon a ganye ta kai wa Malam Inuwa, malamin dabbobi na En'e, hukumar gargajiya.

"Makero ne, Iya," in ji shi, bayan ya duba a madubin ƙara girman abu da likitan Turawa ya bar masa.

"Me ka gani a ciki?"

Ya matsa mata. Ta kanne ido ɗaya ta leƙa. Sai ga silin gashi ya zama kamar kara, wasu ƙananan ƙwayoyi sun yanyame shi kamar ƙwan kifi.

"Suna da rai?"

"Dangin funfuna ne. A wanke da sabulu, a shafa aidin."

"To me ya sa sai a wuya?"

"Da me kike ɗaure su?"

Ta faɗa masa. Da dangwali ne, doguwar igiyar da ake jera maruƙa a jikinta. Mijinta Hamman ne ya tufka ta, shekarar da ya rasu.

"Ƙone ta za ki yi," in ji Malam.

"In na dafa ta fa? Suna jure tafasasshen ruwa?"

Ya buɗe littafinsa ya yi ta juya shafi. "Gaskiya ban sani ba, Iya. Nan ƙonewa kawai aka rubuta."

Da ta koma ruga ta dafa igiyar a tukunyar ƙasa tun hantsi har azahar, ta shanya. Ta ware masu ciwon a gindin gawo tana shafa musu aidin, ta ɗaure lafiyayyu uku a dangwalin. Kullum da safe sai ta bi wuyansu da yatsa.

Bayan wata guda sai ga Malam Inuwa yana turo keke cikin yashi. Ya duba maruƙan ukun ɗaya bayan ɗaya, bai ga tabo ba. Ya zauna kan turmi, ya ciro alƙalami.

"Iya, faɗa mini a hankali. Tsawon wane lokaci igiyar ta yi a kan wuta?"