Muryar da Na Zuba a Tulu

Zazzaɓin ya kama ni tun da hantsi, irin mai shiga ƙashi, ga maƙogwarona yana raɗaɗi kamar an barbaɗa masa barkono. Bayan azahar na kwanta a kan tabarma, na ajiye waya kusa da kunnena, don Barira ta ce za ta sake kira da la'asar.

Barira ƙanwata ce, ita kaɗai a gidanmu ta san inda nake da yadda nake. A ƙauyenmu, can bayan Malumfashi, Ilu suka sani, ɗan farin Inna da ya tafi birni neman abinci bai koma ba. A nan Kaduna kuwa, a gidan hayar da nake zaune, Lantana mai lalle suka sani. Ita ce ni, kuma ita ce ni tun kafin in samo mata suna. Da safe Barira ta kira tana kuka, ta ce jikin Inna ya yi tsanani, ba ci ba sha. Idonta dama ya daɗe da tafiya, da murya take gane mutane.

"Ta ce a kira mata yaron nan ta ji muryarsa," in ji Barira. "Yaya, don Allah ki yi mata magana yadda ta san ki."

Inna fa mace ce mai kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Tunda ta haife ni ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta taɓa tambayata ko na ci a gaban mutane ba, sai dai ta turo mini kwano ta juya baya. Matar da ta yi wannan kawaici duk tsawon rayuwarta, yau ita ce ta buɗe baki ta neme ni. Ba sai an fassara mini ba.

To amma da wace muryar? Tsakanin ɗakina da na maƙwabciyata Gaje katako ne falle ɗaya, in ta yi atishawa ni nake yi mata addu'a. Gaje ba muguwa ba ce, bakinta ne dai ba linzami. In ta ji muryar namiji ta fito daga bakina, kafin magariba unguwa ta ɗauka. Matan da nake shiga har ƙuryar ɗakunansu ina riƙe hannuwansu ina zana musu lalle, mazansu ba za su tsaya yi mini tambaya ba. Na ga abin da aka yi wa wata irina a bakin titi, da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. In ce zan fita waje in amsa wayar, ƙafata ba za ta kai ni bakin ƙofa ba, kuma a unguwar nan ina ne babu kunne?

Ban ma san ko tsohuwar muryar tana nan ba. Shekaru na yi ina gyara wannan da nake da ita. In ɗora yatsa a ƙashin maƙogwaro in tura shi sama, in ɗauko maganar daga ƙirji in kawo ta bayan haƙora, in zauna a bakin famfo ina sauraren yadda mata ke jan ƙarshen gaisuwa. In na dawo ɗaki sai in kafa bakina a bakin tulu in yi ta maimaitawa, don kada a ji ni ta bayan katako. Ina cikin wannan saƙe-saƙe barci ya fizge ni.

Tabarmar ta soma tafiya da ni a hankali, ta fice ta ƙarƙashin ƙofa, ta zubar da ni a tsakiyar wani busasshen rafi. Yashin da zafi. Sama ta sauko ƙasa-ƙasa, ta zama rufin kwano mai tsatsa, rana na ɗigowa ta hujojin ƙusa. Gefe da gefe itatuwa ne a jere, na ɗaga kai don in ga irinsu, sai na ga ganyayensu duk kunnuwan mutane ne, wasu da 'yan kunne, wasu da gashi a ciki. Duk inda na taka sai su juyo su bi ni. Na ja mayafi na rufe bakina, na ci gaba da tafiya a kan yatsun ƙafa.

Can na ji wani abu yana gungurowa a bayana.

"Lantana, jira ni."

Kafin kunnena ya ji maganar ƙirjina ya riga ya ji ta. Murya ce mai kauri, mai ɗan gargada a ƙasa, na san ta kamar yadda na san tabon da ke gwiwata. Na waiwaya, sai ga tulun ɗakina, da fasasshen bakinsa da komai.

"Yi a hankali," na ce masa cikin raɗa. "Itatuwan nan suna ji."

"Ban iya a hankali ba. Ai shi ya sa kika zubar da ni."

"Ni ban zubar da kowa ba."

"Kullum kaɗan-kaɗan, har na cika. Ina kike zato nake zuwa in kin ture ni daga wuyanki?" Ya yi wata dariya, kunnuwan suka kaɗa gaba ɗaya. "Inna tana nemana. Ɗauke ni, ba ni da ƙafa."

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya fi ɓacin ran yawa. Na naɗe gefen zane na yi gammo, na ɗora shi a ka. Wayyo nauyi. Ina tafiya yana tangal-tangal, abin da ke cikinsa yana ɗigo mini a fuska, kuma duk inda ɗigon ya taɓa a haɓata sai in ji gashi ya tsiro. Ina gogewa da mayafi yana sake fitowa. Na yi ta tafiya ina gogewa har fatar wurin ta soma zafi.

Rafin ya lanƙwasa, sai ga wani tsoho zaune a kan buzu, zabirarsa ta wanzanci a buɗe, asake a jere a gabansa. A bayansa an ɗaura igiya daga wannan itace zuwa wancan, an shanya wasu 'yan tsokoki jajaye, kowace tana kuka siriri. Belun jarirai ne, wanda wanzamai ke cirewa daga maƙogwaro. Tsohon bai ɗago ya dube ni ba, yana ta wasa aska a tafin hannunsa.

"Buɗe," ya ce.

Bakina ya buɗe da kansa. Ya danne mini harshe da wani ɗan itace, ya leƙa ciki ya daɗe.

"Na san wurin nan. Ni na fara taɓa shi, kina cikin zanen goyo."

Da ya zare itacen na ce, "Baba, ranar da ka yanka, me ka ji? Mace ko namiji?"

"Kuka na ji. Kukan jariri duk iri ɗaya ne, saurara ki ji." Ya nuna igiyar da askarsa. "Daga baya ne mutane suke rabawa."

"To ka gyara mini. Uwata tana jira."

"Wuya ɗaya, murya biyu. Wacce zan cire? In na fasa ta kanki, tsohuwa za ta tafi ba ta ji ɗanta ba. In na yanke ta wuyanki, ki je gida lafiya lau, amma wadda ta zo nan ba ita za ta koma ba."

"Ba za a bar mini su duka ba? Na yau kaɗai?"

"Ni wanzami ne, 'yata. Ragi nake yi, ba na ƙari."

Ya kamo haɓata, yatsunsa sanyi ƙalau. Na ji bakin askar a kan ƙashin nan da na yi shekaru ina turawa sama. Ban san lokacin da na fizge ba. Na dafe tulu da hannu biyu na zura da gudu, shi kuwa ko motsi bai yi ba, ya koma wasa askarsa.

Yashin ya soma laushi a ƙarƙashina, ya zama kwaɓaɓɓen lalle. Ina takawa ina nutsewa har idon sawu, in na zaro ƙafa sai in gan ta ja wur. Ƙamshin da nake ci da shi nake sha da shi, yau shi ne yake neman tayar mini da zuciya. Da ƙyar na kai gaɓa, na ɗago kai, sai ga zauren gidanmu tsaye shi kaɗai a fili, babu katanga hagu babu dama. Ƙofar langa-langar nan ce da nake buga wa dutse ina ƙarami, amma ta yi tsawo har ta taɓo rufin sama.

"Sallama," in ji zauren. Maganar ta fito daga cikin azara, ƙasa na zubowa da ita.

"Gidanmu ne fa."

"Ban ce ba gidanku ba ne. Namiji ya tsaya a nan ya ɗaga murya, mata su kintsa. Mace ta yi sallamarta tana tafiya. Ban san wata shiga ta uku ba."

Tulu ya motsa a kaina. "Bar ni in yi," ya ce.

Na danne bakinsa da tafin hannu. Na haɗiye yawu, na ɗaga maƙogwaro, na yi sallama da muryata, wadda na sha wahala a kanta, wadda in na ji ta da safe nake jin ni mutum ce. Ta fito sumul. Ƙofar ta buɗe ba ko ƙara.

Tsakar gidan ta yi faɗi, ba ta da iyaka. Mata ne zaune sahu-sahu, duk matan da na taɓa yi wa lalle, kowacce ta miƙo hannuwa da ɗanyen zane a kai, kuma dukkansu da fuskar Gaje. Suka amsa mini baki ɗaya, "Maraba da Lantana." Can ƙarshe na hango Inna a kan tabarma, ta ba ni baya yadda ta saba, ta rame har kafaɗunta sun fito. Na durƙusa na gaishe ta.

Ba ta juyo ba. "Baƙuwa muka yi? A ba ta ruwa."

"Inna, ni ce."

"Sannu, 'yar nan. Ba ki ga wani yaro a hanya ba? An ce yana tafe."

Tabarmarta ta soma ja da baya. Ina matsawa tana nisa, ina rarrafe tana ƙanƙancewa. Tulun ya ɗauki zafi a kaina, na ji abin da ke ciki yana tafasa.

"Sauke ni," ya ce. "Kurɓa ɗaya. Ki gaishe ta ki tofar."

"In na kurɓa za ka fita?"

Sai ya ci gaba da tafasa.

Na sauke shi. Ina saukewa matan suka yi tsit, kunnuwansu suka soma girma har suka kai faɗin faifai. Daga wani wuri da ba na gani na ji takun maza, da ƙarar sanduna ana jan su a ƙasa, ba sa sauri, sun san ba inda za ni. Na kai tulun bakina. Ruwan ciki baƙi ne, yana warin tsohuwar rigar da aka manta a ƙasan akwati. Jikina duka ya ƙi shi, hawaye na zuba, ina cewa a raina Allah ka gani, Allah ka gani.

Sai Inna ta juyo. Daga can nesa, ƙanƙanuwa kamar 'yar tsana, ta juyo da farin idonta ta dube ni sosai. Leɓɓanta suka soma motsi. Suna za ta faɗa, sunan da ta riƙe a bakinta tun ranar da ta haife ni. Na tsaya da tulun a leɓena, na miƙa wuya don in ji wanne ne. Takun ya iso bayana. Tulun ya soma kakkarwa a hannuna, yana kuka, yana kuka.

Na farka a jiƙe sharkaf da gumi, waya na ruri a gefen kunnena. Labulen ƙofata a ɗage yake rabi, ga Gaje zaune a kan kujera 'yar tsugunno dab da bakin ƙofar, tana tsince shinkafa a tire. Ta kawo mini kunu ta ajiye, tana jiran in tashi.

"Ɗauki mana, tun ɗazu take kuka," ta ce.

Na ɗauka. Barira ta ce, "Yaya, ga Inna," sai ƙarar waya tana sauya hannu, sai wani numfashi mai nauyi, yana shiga da ƙyar yana fita da ƙyar. Na dubi Gaje, ta sakar mini murmushi. Na buɗe baki, abin da ya saba fitowa shi ya fito.

"Salamu alaikum. Inna, ya jiki?"

Sai na ji ta juya kai tana magana da Barira, a hankali, cikin ladabin da take yi wa baƙi.

"Wannan wace ce? Ki ce mata ta ba shi wayar."

"To, Inna," na ce. "Bari in kira shi."

Gaje ta tsayar da hannunta a cikin shinkafa. Ta leƙo ɗakin, ta dubi bayan ƙofa, ta dubi gado, ta dawo da idonta kaina.

"Wa za ki kira?"

A kunnena ina jin numfashin Inna, tana jira.