Akwatin da Sabuwa Ta Ɓoye

Tun da yaƙi ya yanke mana wuta a ƙauyenmu na kusa da garin Hajj Abdalla, ran Lubna, ɗiyar wana Abdulmuttalib, yana cikin tallaja, wato firiji. Ciwon sukari gare ta, allurarta kuma ba ta jure zafi. Yaya ya kafa sola bisa rufi, batir ƙarƙashin gado, akwati biyu a bango. Babban shi ne inbata, mai juya wutar batir ta koma irin ta gida har tallaja ta tashi. Ƙaramin, kwanbata, rage ƙarfin wutar kawai yake yi a yi cajin waya.

Da hantsi muka ji harbi daga bakin gonaki.

"Sabuwa, cire inbata ki ɓoye!" Yaya ya ce wa matarsa, ya fita ya tare ƙofa don ta samu lokaci.

Ya tare kuwa! Wani ɗan bindiga ya kai masa gindin bindiga a baki, haƙora suka zubo ƙasa. Suka kife shi, suka bi shi da bulala da takalmi, a ciki, a haƙarƙari, a kai. Na yi ihu, "Ku ji tsoron Allah!" Ɗaya ya sharara mini mari har kunnena ya toshe. Tsinannu, Allah ya isa! Yaya ya ƙanƙame ƙafar babbansu ya ƙi saki, sai da suka taka hannun ya karye. Suka shiga, suka fito da buhu cike, suka jefa a mota suka wuce. Tallajar tsohuwa ce, ko kallonta ba su yi ba.

Sabuwa ta fito daga rumbu tana kuka, dawa duk a gashinta, akwati rungume a ƙirji.

"Ga shi, Abu Lubna, na ɓoye," ta ce wa Yaya.

Ƙaramin ne. Kullum shi maƙwabta ke yi wa layi da wayoyinsu, sai ta ɗauka shi ne mai daraja. Wallahi na so in shaƙe ta, amma tausayi ya hana ni.

Yaya ya dubi bango, wayoyin wuta tsirara suna lilo inda inbata yake a da. Hanyar garin Hasahisa, inda ake sayar da shi, a rufe, babu inda za a samo wani. Ya tofar da jini.

Lubna ta kara kunne a jikin tallaja, ta juyo.

"Baba, ta yi shiru."